Yayana da Akwatin Hotunan Jirage

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, wani ya riga wani ya biyo. Yayana ya riga ni. Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba anka kai ni ɗaki. Baki kawai gare ni, shi ya sa na zauna na faɗa, anka rubuta. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, tun ina goye Yaya nake ce masa, kuma da Yaya zan ƙare.

Ranar da anka kai shi, ƙofar gidanmu na unguwar Gidan Dare ta cika har tabarmi sunka ƙare. Gidan malamai ne, mahaifinmu ya karantar da rabin unguwar, saboda haka masu rawani sun zo da yawa. Ina daga cikin gida ina jin su ta zaure. Wannan ya ce mutum ne mai haƙuri. Wancan ya ce sallar jam'i ba ta wuce shi. Wani ya ce duk rediyon da ya mutu a Tudun Wada, in an kai shagonsa sai ya yi magana. Duk gaskiya sunka faɗa. Amma kowa in ya kai wani wuri sai ya yi shiru, kamar mai tafiya ya ga rami ya kewaye. Sai wani dattijo, abokin karatunsa na ƙuruciya, ya yi gyaran murya ya ce, "Allah Shi gafarta mishi wasan nan nashi na hoto." Anka ce amin da ƙarfi. Ƙarfin amin ɗin nan bai yi mini daɗi ba.

Cikin gida kuwa wata tsohuwa tana share hawaye sai dariya ta kuɓuce mata. Ta ce, "Wayyo, yau wa zai ce muna kada mu waiga?" Mata sunka kama dariya da kuka a haɗe, har matarsa da ke takaba ta rufe baki da mayafi. Maƙwabciyarmu, malamar makarantar firamare, Kirista ce daga wajen Kafanchan, ita ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa gabana ta ce, "Inna, ya haƙuri? Akwatin hotunan fa, wa zai riƙe shi?" Ni a ranar ban san akwatin yana cikin hatsari ba.

Bari in faɗa muku asalin "kada ku waiga".

Yaya yana saurayi ya sami kyamara a hannun wani da ya kawo gyaran rediyo. Ya ɓoye ta cikin buhun gero. Abin ɓoye a gidan yawa ba ya daɗewa, labari ya kai kunnen mahaifinmu. Ya kira shi zaure, ni ina bayan asabari na kawo fura, na ƙi tafiya. Mahaifinmu bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Mi kake nema da ita?" Yaya ya ce, "Baba, jirgi nike son ɗauka." Mahaifinmu ya daɗe yana jan tasbaha. Can ya ce, "Ƙarfe ba shi da rai. Ɗauki ƙarfenka. Amma fuskar ɗan Adam, Allah Ya yi ta, kada ka kama ta ka sa a takarda. Ka yi mini alkawari." Yaya ya yi alkawari. Mahaifinmu ya rasu, gashin Yaya ya yi fari, malamai da yawa sunka shiga ɗaukar hoto da kansu, har a bangon masallaci ana manna fuskoki, amma shi yana nan inda anka bar shi a zauren nan.

To, jirgi ba ya zuwa shi kaɗai, mutane ke kewaye da shi. Sai Yaya ya samo dabara: ya koma bayan kowa. In an taru ana kallon abu, shi yana can ƙarshe, ya hau dakali ko tudun ƙasa, ya ɗauki abin da ake kallo tare da ƙeyar masu kallo. In ya ga wani zai juyo sai ya ɗaga murya, "Kada ku waiga! Ku dubi gabanku!" Mutum kuwa da ka ce masa kada ya waiga, nan take zai waiga. Sai Yaya ya sauke kyamara, ya yi tsaki, ya jira. Jirgi ya sha tashi ya bar shi saboda mutum ɗaya ya juyo.

Haka ya ɗauki garin nan. Shekarar da gulbi ya cika ya hau gonakin Dundaye, yana can, ya ɗauki manoma tsaye sun ba shi baya suna kallon ruwa inda shinkafarsu take. Ranar da wuta ta ci wani sashe na kasuwa, yana can. Zagayen Maulidi, saukar karatu, ranar da anka buɗe sabon titi, ranar da anka rushe tsofaffin rumfuna, duk yana can bayan mutane da hularsa a karkace. Ba a biyan shi, bai kuma nemi a biya shi ba. Masu hoton biki suna masa dariya, suna cewa ga mai hoton da ba ya son fuska. Shi kuwa abin da yake cewa ɗaya ne: "Ni abin da ke wucewa nike tarewa."

Amma zuciyarsa tana wurin jirage. Mu Sakkwato ba mu da jirgin ƙasa, layin dogo bai iso mu ba. Wannan abu ya ci masa rai kamar an hana shi gado. Sai ya rufe shago, ya hau mota har Ƙaura Namoda, ya zauna bakin dogo yana jira. Wani zuwan jirgin ya zo, wani zuwan a ce sai wani mako, ya dawo da fim ɗinsa babu komai. Matarsa ta ce masa, "Malam, mutane na zuwa Ƙaura fatauci, kai ka tahi gaida ƙarfe, ƙarfen ma ka iske ba shi gida." Ya ce, "Na dai bar mishi sallahu."

A nan ne malamar nan maƙwabciyarmu ta shigo labarin. Sa'ad da sunka tare a unguwa ba ta san kowa ba, mata ba su shiga wurinta sosai. Wata rana ta kawo gyaran rediyo, ta ga hoton jirgin ƙasa a kan tebur, ta tsaya kamar an dasa ta. Ashe ubanta ma'aikacin reluwe ne, cikin ƙarar jirgi anka haife ta. Yaya ya ce wa matarsa ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ya fito da hotunan jirgin ƙasa duka ya baje. Ta wuni tana nuna mana inda ake zuba gawayi a tsohon jirgi da inda ubanta ke tsayawa da tuta. Daga ranar nan in ta yi kewar gida sai ta yi sallama ta ce, "Baba, na zo hawa jirgi." Shi kuma ya ce, "Kin yi sa'a, yanzu zai tashi."

Ta taɓa roƙonsa ya ba ta guda ɗaya. Ya hana. Yaya ba ya ba da hoto, ko ga wa. Duk suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, ba rubutu a bayansu, ba alama, tsarinsu yana cikin kansa. Ya ce hoto in ya rabu da 'yan uwansa ɓata yake yi. Wanda ke son gani ya zo ya gani.

Yanzu na zo kan nawa.

Shekarar da maigidana ya sami kujerar Makka, baduku ne, ya daɗe yana tari, ni na je wurin Yaya da kaina. Na ce, "Yaya, ka ɗaukar mini shi kafin ya tahi. Fuskarshi nike so. Hanya ce mai nisa." Ya ce, "Ke kin san abin da na faɗa ma Baba, kina bayan asabari." Na ce, "Baba ya rasu." Ya ce, "Alkawarin bai rasu ba." Na ce ai an ɗauki maigidana hoton fasfo, duniya ba ta tashi ba. Ya ce wanda ya ɗauka bai yi wa Baba alkawari ba. Na faɗa masa magana mai zafi, na ce ƙarfe ya fi masa 'yan uwa. Ya sunkuyar da kai yana goge gilashin kyamara da bakin rigarsa.

Ranar tashi munka yi rakiya har filin jirgi, kamar yadda ake yi a lokacin, dangi duka a bayan wayar shinge. Alhazai sunka fito a jere suna tafiya ƙasa zuwa matakalar jirgi. Na ga maigidana, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda zaman ɗinkin fata, da buta a hannu. Ina ta addu'a a zuci ya waigo. Bai waigo ba. Yaya yana can gefe kan tudu, na ji ƙarar kyamararsa.

Maigidana ya gama aikin hajji, zazzaɓi ya kama shi, can anka rufe shi. Abokan tafiya sunka kawo jakarsa da butar. Fasfo bai dawo ba. Mutane sunka ce ya yi kyakkyawan ƙarshe, kuma na yarda. Amma ba ni da kabarin da 'ya'yana za su je, ba ni da fuskar da zan nuna wa autana, wanda yake ciki a lokacin. Na daina shiga ɗakin Yaya. In mun haɗu in gaishe shi, gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Har yau in an tambaye ni wa ke da gaskiya tsakaninmu, ban sani ba. Shi ya cika wa matacce alkawari, ni kuma mai rai ce na roƙa.

Ana nan, ana nan, lokacin tashin alhazai ya zagayo. Ina tsakar gida ina tankaɗe, jirgi ya wuce ta samanmu, na ajiye rariya na shiga ɗaki. Sai ga Yaya ya yi sallama. Ya zauna bakin ƙofa, ya fito da hoto daga aljihu. Jirgi ne babba, da layin mutane ƙanana kamar tururuwa, duk sun ba da baya. Ya kama yatsana ya ɗora a kan ɗaya. Ga kafaɗar nan a sauke. Ga butar. Na yi kukan da ban yi ba ranar da labari ya zo. Da na gama ya zare hoton a hankali ya mayar aljihu. Na ce, "Ko wanga ba ka ba ni?" Ya ce, "In na ba ki, tsakanin yara da ɗigar damina ba shi shekara. Yana wurina. Ki zo duk sa'ad da kike so."

Na riƙa zuwa. Duk shekara in jiragen alhazai sun fara tashi, in ɗauki mayafi in tafi. Da ya ji sallamata sai ya jawo akwati, hannunsa ya tafi kai tsaye inda hoton yake. Da yanar ido ta rufe mini gani, na daina rabe mutum da mutum a takarda, sai ya riƙa kama yatsana yana ɗorawa, ya ce, "Ga shi nan, bai kai matakala ba tukuna." Ni kuma in shafa, in yi masa addu'a, in tashi.

A ƙarshen rayuwarsa duniya ta yi masa ƙunci. Ya sayi na'urar bidiyo mai kaset, daga baya 'ya'yansa sunka ba shi waya, amma zamani ya lalace, tsoro ya shiga ko'ina. Tsoho tsaye bakin shingen filin jirgi yana ɗaukar jirgi ya zama abin tuhuma. Wata rana masu tsaro sunka kama shi, sunka zaunar da shi cikin rana suna tambayarsa wa ya aiko shi. Ya ce ba wanda ya aiko shi, so yake yi. Ba su gane ba. Babban ɗansa ne ya je ya karɓo shi.

Wannan ɗa shi ne ɗan fari, ya yi karatu mai zurfi, yana limanci, shi ya gaji zauren kakansa. Ranar nan ya dawo da ubansa a mota, a tsakar gida ya ce, "Baba, don Allah ya isa haka. Mutane na kallonmu." Yaya bai dube shi ba. Ai ba ya dubansa dama. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da: bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in zai yi masa magana sai ya dubi bango ya ce, "A gaya ma wancan." Yaron ya tashi yana ganin ubansa na goge kyamara da bakin riga, shi ko kansa ba a taɓa shafawa ba. Ban ce ya riƙe abin a zuci ba. Na dai ce ina da ido a lokacin. Daga ranar kamun nan Yaya bai sake zuwa filin jirgi ba. In jirgi ya wuce sai ya fito tsakar gida ya ɗaga kai, hannunsa wofi.

Washegarin sadakar bakwai da hantsi, ina ɗakin mai takaba, sai na ji wani wari kamar ana ƙona roba. Na ce mene ne? Ta ce daga bayan gida ne. Na ɗauki sandata na lallaba bayan gida. Ɗan yayana yana tsaye kan wuta, kaset ɗin bidiyo duka suna ciki suna narkewa. Akwatin ƙarfe yana gefen ƙafarsa a buɗe.

Na ce, "Mi kake yi haka?"

Ya ce, "Goggo, ki koma ciki, hayaƙin ga ba shi da kyau gare ki."

Na ce, "Tambaya na yi."

Ya ce, "Goggo, tun da anka rufe shi ban yi barci ba. Kin ji abin da anka ce a zaure. Ni na karanta abin da ke jiran masu yin surar mai rai. In akwai abin da zai sa a tsananta mishi a kabari, ina da iko in kawar, in bar shi? Ba ƙinshi nike yi ba."

Na san ba ƙinsa yake yi ba, shi ya sa abin ya fi mini ciwo. Na rufe akwatin, na zauna kan murfin da nauyina duka. Na ce, "Kaset sun tafi, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Waɗanga kuwa, kakanka ya yanke hukunci a kansu tun ba a haife ka ba, ni ce shaida. Fuska ya hana. Ka ɗauko tabarma, ka duba su ɗaya ɗaya. Duk wanda ka ga fuska, jefa shi wuta, ba ni cewa uffan. Amma akwai guda da nike nema, uban 'ya'yana na ciki, ba ni da wani abu nashi a duniya sai shi."

Ya ɗauko tabarma, na tashi daga kan murfin.

Ni ba na gani, sai dai in ji ƙarar takarda. Yana ɗauka yana ajiyewa. Wani lokaci ya ce, "Jirgin ƙasa." Wani lokaci, "Ruwan Dundaye ne wanga." Malama ta ji hayaƙi ta shigo, ta durƙusa nesa. Rana ta hau, inuwa ta gudu ta bar mu, bai jefa ko ɗaya ba.

Can sai ƙarar takardar ta tsaya. Na ce, "Ka ga fuska?" Malama ta matso, ta duba, ta ce mini a hankali, "Inna, wani yaro ne da allo a hammata, ya kama hanya. Ga shi kuma ya girma, ranar saukarsa. Ga wani kuma, liman a gaban sahu, daga can baya anka ɗauka." Ta ƙara dubawa, ta ce, "Suna da yawa, Inna. Mutum ɗaya ne."

Ni ma ban san da su ba. Ashe ɗan farin nan nasa Yaya ke bi a baya yana ɗauka. Na ji ɗan yana jan hanci, na ce a raina hayaƙi ne, na bar masa haka.

Can sai ya ce, "Goggo, na alhazai ga su nan tuli, duk iri ɗaya, jirgi da layi. Wane ne naki?" Wanda ya san wurinsa yana ƙasa, tsarin akwatin kuma an riga an hargitsa. Na ce ya nemi mai sauke kafaɗa da buta. Ya ce kowane layi akwai masu buta. Ya miƙo mini su, ina shafawa, duk santsi ɗaya. Na shafa, na shafa, har na fara cewa Allah ke nan ya tafi. Sai yatsana ya faɗa wani wuri mai kaushi, ɗan ƙarami, kamar inda akuya ta lasa a bango. Yatsan ya zauna a ciki daidai.

Na ce, "Wanga na."

Ya karɓa ya duba, ya kai shi haske ya sake dubawa. Ya ce, "Goggo, ba kowa a nan. Wurin ya goge, fari ne tas. Na gabanshi na nan, na bayanshi na nan, shi babu."

Na ce, "Shi na."

Ashe shekarun nan duka ina shafa shi ina cinye shi, Yaya yana gani yana ƙarewa, bai taɓa gaya mini ba. Kullum sai ya ce ga shi nan, bai kai matakala ba tukuna.

Akwatin yana ɗakina yanzu, amana. Ɗan yayana ya ce zai tambayi manyansa, in sun ce a ƙone, zai dawo. Ban san abin da za su ce ba, kuma ban san ko zan iya sake zama a kan murfin ba. Na dai lura akwatin ya ɗan rage nauyi, ban kuma tambaye shi abin da ya sa a aljihu ba.

Allah Ka jiƙan Yaya. In akwai laifi a cikin abin da ya tara, Ka dubi alkawarin da ya riƙe har ya ɓata da ƙanwarsa saboda shi. Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifinmu ba tare da kunya ba. Wanda ya ji wannan, ya sa shi a addu'a.

Jiragen alhazai sun kusa fara tashi. Hoton yana ƙarƙashin matashina. Ba mai kama mini yatsa yanzu, amma yatsan ya san hanya.